Shirun Mai Wankan Gawa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga autata Sahadatu,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga uwarki. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka garin Wa lafiya, ke da jakar nan da kika cusa wa takalma har ta ƙi rufuwa. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da aka tura ki koyarwa. Na sa takardar a ƙarƙashin robar shito ne, soyayyen yajin nan da na yi miki, domin na san halinki, ba za ki kwana biyu ba ki neme shi ba.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun daga farko don kar ki yi ta karatu gabanki yana faɗuwa. Zuciyata ba ta da lafiya, irin ciwon babanki ne. Na ɓoye miki har motarku ta tashi, domin na san da kin ji za ki sauke jaka ki ce kin fasa, aikin da kika daɗe kina jira ya wuce ki. Kar ki dawo. Ki zauna, ki sha ruwa, ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi fushin da za ki yi.

Kin tashi kin ga ana zuwa ƙofar ɗakinmu ana kirana ƙasa-ƙasa, in ɗauki tsohon mayafina in fita, in dawo ina warin kafur. Tun kina ƙarama ba kya yarda ki ci abinci daga hannuna a irin ranar sai na yi wanka na sake kaya, kuma ban taɓa jin haushinki ba. Matan unguwannin Maamobi da Nima da na wanke ban san adadinsu ba. Wadda ta koya mini aikin ita ce Mma Lariba, ba ki san ta ba, ina da cikinki ta rasu. Doguwar tsohuwa ce mai jajayen idanu, ba ta dariya. Ranar da ta fara shiga da ni bayan zannuwan da aka kewaye gawa da su, kafin in taɓa ruwa sai ta kama kunnena ta ce, da irin Hausarmu ta nan Zango, "Adiza, abin da ka gani a nan, nan zai tsaya. Ko mijinka kar ya ji. Gawa ba shi da baki, kai ne bakinshi, sai ka rufe."

Na rufe kuwa. Na rufe fiye da yadda ta nufa, kuma wannan ne kuskurena na farko.

Mutane suna tsammanin fuskar mamaci ce abin tsoro. Yawancinsu fuskar mai barcin gajiya ce. Ni ƙafa ce ta zauna mini a ido. Muna fara wanka daga dama, in na gangaro idon sawu sai in same shi a kumbure, fatar tana sheƙi. In na riƙe ƙafar na cuɗa na saki, sai in ga shatin yatsuna sun lotsa a ciki, ba sa tashi. Mu juya ta, mu gama hagu, mu tsefe kitso, mu zuba ruwan kafur, in dawo kan ƙafar, yatsuna suna nan. Da su ake naɗe ta a likkafani. Mata da yawa suna kwance a maƙabarta da shatin hannuna a ƙafarsu, Sahadatu. Wani lokaci ina tankaɗe da rana tsaka sai abin ya faɗo mini, in ajiye rariyar.

Sai kuma haɓar zane. Mu ne muke kwance zanen da mace ta cika a cikinsa, kin kuma san tsofaffinmu, komai a haɓar zane suke ƙulle shi. Da can goro nake samu da 'yan sulalla. Daga baya na fara samun ƙwayar magani, ba guda ba, ɓari. An raba ta biyu da wuƙa ko da haƙori, wata har ta fara zama gari. Maganin hawan jini ne. Na wata guda ake ba su, su ja shi ya kai wata biyu, domin komawa asibiti kuɗin mota ne, ga wunin kasuwa da za a rasa, ga wani maganin da katin inshora ba ya ɗauka, sai a rubuta maka a ce ka je kemis ka saya. Nakan kwance ƙullin in zubar a kwata, in miƙa wa 'ya'yanta zanen a ninke. Su tambaye ni, "Mma, yaya ka gan shi?" In ce, "Ya yi kyau, fuskarshi da haske." Ba ƙarya nake yi ba. Amma 'yar da take tambayata, in na sunkuyar da kai sai in ga silifas ya fara matse mata ƙafa, in ɗauke idona.

Kin tuna Memuna mai koko, ta bakin lungun masallaci, wadda take ƙara miki ƙosai in za ki makaranta tana ce miki amaryar ɗanta? Ƙawata ce tun muna 'yan mata, tare muka yi tallar goro a Tudu. Wata safiya na tsaya sayen koko na same ta ta ɗora ƙafafunta a kan kifaffen bokiti. Ita da bakinta ta ce, "Adiza, duba ƙafana, ya kumbura paa. Tsayuwa ne ya yi yawa, ko?" Na duba. Na san ƙafar nan, na wanke ta ba sau ɗaya ba a jikin wasu. Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Amma ta ina zan fara? In ce na san wannan kumburin daga gawarwaki? Na tona asirin waɗanda aka ba ni amanarsu ke nan, a ganina a lokacin. Ga shi kuma a unguwar nan in mai wankan gawa ta ce miki ba ki da lafiya, cewa za a yi ta fara auna ki don likkafani. Sai na ce, "Tsayuwa ne. Allah ya ƙara sauƙi."

Ba a daɗe ba, wata safiyar Laraba, ranar kasuwar Nima, na wuce ta wurinta ina sauri. Tana zaune ta jingina da bango, ludayi a hannunta, idonta a buɗe kaɗan yana kallon titi. Na ce, "Memuna, ina kwana?" Har yau ina iya rantsewa na ji ta amsa. Mutane suna zuwa, su ga kamar gyangyaɗi take yi, su zare wani ludayin su zuba wa kansu, su jefa kuɗi a kwanonta su wuce. Haka aka yi ta ciniki a gabanta har tukunya ta kusa ƙarewa, rana ta hau bangon ta same ta, ba ta matsa ba. Wata mai sayen ƙosai ce ta taɓa kafaɗarta don karɓar canji. Kafin azahar an zo ƙofarmu ana kirana. Ban san ko tana raye lokacin da na gaishe ta ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ni na wanke ta, ni na kwance haɓar zanenta, abin da na yi tsammani na samu.

Daga baya na je na tambayi limaminmu, ban kira sunan kowa ba. Ya yi mini bayani cewa abin da aka ce mai wanka ta rufe shi ne aibin mamaci, abin da zai ji kunya a sani. Ciwo kuwa ba aibi ba ne. Na dawo gida ina nadama, domin da na yi wannan tambayar tun ina yarinya da bakina ya yi amfani.

To ki ji. Kina da kunya irin tawa, kina da gudun ɓata wa mutane rai, na sha ganin an cuce ki canji kin yi murmushi. In kin ga abin da zai kashe mutum a jikinsa, ki faɗa masa, ko zai daina gaishe ki. Ƙafa ta kumbura ba dalili, mutum yana haki daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ƙirji yana masa nauyi: ki ce ya je asibiti yau. Kar ki tsaya a Allah ya ƙara sauƙi. Addu'a ce mai kyau, amma ni na mayar da ita wurin ɓuya.

Kuskurena na biyu ya fi nauyi, domin babanki ne.

Kina kwalejin malamai lokacin, hutu kawai kike zuwa, kuma in kin zo yakan yi ƙarfin hali ya miƙe har da tsokanarki. Ba ki ga yadda yake hawowa daga babbar kwata zuwa bakin titi ba, yana tsayawa a kowane shago kamar mai gaisuwa, alhali numfashi yake nema. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran fasinja a tashar Tudu ana jin muryarsa daga tsallaken titi, ya koma ba ya iya gama sallama da numfashi ɗaya. Ya bar katifa ya koma barci a kujera. Mun je asibiti da katinsa, aka duba shi, aka ba shi wasu ƙwayoyi, aka ce sai an yi hoton zuciya kafin a san maganin da ya dace, hoton kuma da kuɗinmu za mu yi.

Kuɗin muna da su. Wannan ce maganar da na daɗe ina ɓoye muku, ke da yayanki Mutari. Suna cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, a ƙulle cikin tsohon ɗankwalina. Babanki yana kiran su kuɗin tafiya. Tun yana saurayi ya ga wani dattijon gidan hayarsu ya rasu ba ko yadin likkafani, aka bar gawar a ɗaki ana bin gida-gida da kwano har la'asar. Abin ya tsaya masa a rai duk rayuwarsa. Tun da muka yi aure yake ajiye kaɗan-kaɗan don ranarsa da tawa, ko yunwa muke ji ba a taɓawa. Da na kawo maganar hoton sai ya ce, "Adiza, wannan sika ba na dokta ba ne. Hoto kawai zai cinye shi, hoto kuma ba magani ba ne. So kake a bi gida-gida da kwano a kaina?" Na ce, "Malam, ƙafarka fa." Ya ce, "Ƙafa na lafiya lau. Takalmi ne ya tsufa."

Na yi shiru. Ba don ban sani ba, na fi kowa sani a gidan nan. Ni nake shafa masa man zafi a ƙafa da yamma, ina ganin yatsuna suna lotsawa a jikin mijina yana raye yana ba ni labarin tasha. Amma ni ma a can cikin raina na yarda da shi. Na ga jana'izar talakawa da yawa, na san yadda ake kallon 'ya'yansu. Ina tsoron kunyar nan kamar yadda yake tsoron ta. Har na taya shi raba ƙwayoyin biyu da wuƙar yankan albasa.

Ranar da abin ya tashi, bayan azahar ne, leɓensa ya canja kala yana kama ƙirji. Sai a sannan na jawo akwatin na ɗauko ɗankwalin, ban tambaye shi ba, shi ma bai hana ba. Maƙwabta suka taya ni sa shi a tasi. Muka hau titin Nima muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cik, masu trotro, motocin hayar nan, suna ta ihu. Direban wani Bagā ne, ɗan asalin garin nan, mai ɗan jin Hausa, yana ta ba ni haƙuri da yarensu yana cewa, "Maame, kafra, hanya ya toshe, kafra." Babanki ya ɗora kansa a kafaɗata. Ina riƙe da kuɗin a cinyata, ina ce masa mun kusa. Can sai na ji kan ya ƙara nauyi. Wannan nauyin na san shi, Sahadatu, ba wanda zai koya mini shi. Ban yi ihu ba. Na shafa idonsa na rufe, na gyara masa hula. Direban ya gan ni ta madubi, ya kashe rediyo. Na ce masa, "Juya." Ya ce ba wurin juyawa. Haka muka zauna mu uku a cikin rana, mota tana matsawa taku-taku zuwa asibitin da ba mu da sauran abin yi a cikinsa.

Jana'izar kuwa kin gani da idonki. Kanopi ya toshe lungu. 'Yan tasha suka zo da motocinsu, matan ƙungiyarmu suka ɗinka yayi, atamfa iri ɗaya, dangin da ke Jamus da Amurka suka aiko aka sayi bijimin sa. Likkafani wani ne ya kawo, kabari wasu suka biya, kowa ya zo gaisuwa sai ya danƙa mini abu a hannu. Har aka yi addu'ar arba'in ban kwance ƙullin ɗankwalin nan ba. Ko kwabo ba a nema daga cikinsa ba. Na mayar da shi akwati yadda na ɗauko shi, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a tasi ba.

Na yi fushi da mutanen Zango, ba zan ɓoye miki ba. Na ce mun iya gawa, ba mu iya maras lafiya ba. Mutumin da bai taɓa leƙo ka kana kwance ba, shi ne zai riga kowa kama makara. Amma da fushin ya huce na tambayi kaina, wa muka faɗa wa? Duk wanda ya zo gaida babanki cewa muke da sauƙi, har mu dafa masa shayi. 'Yan tashar nan da suka yi hayar kanopi, da na je na tsaya a gabansu na ce abokinku yana bukatar hoton zuciya, wataƙila da sun haɗa. Ban ba su dama ba. Na zaɓi rufin asiri.

Saboda haka ki riƙe wannan. Kuɗin da aka ajiye don kabari, in rai yana bukata, a kwance su. Musulmi ba sa barin gawa a ƙasa, ko ba ka da kowa za a binne ka kafin rana ta faɗi, na ga haka da idona sau da yawa. In kuma kin fara ɗaukar albashi aka zo miki da kuɗin yayi na makoki, ki bayar in kina da hali, amma ki fara tambaya ko akwai wanda yake kwance a gidan. Ke kanki ki riƙa zuwa ana auna jininki, kar ki ce ke yarinya ce, jinin babanki da nawa ne a jikinki. Ki rage gishiri da magi, na san za ki taɓe baki, ke da kike barbaɗa gishiri a tuwo kafin ki ɗanɗana miya. Shiton nan ma da kika buɗe na rage masa gishiri, kar ki ce hannuna ya lalace.

Yanzu sai nawa, kuma a nan ne za ki ga uwarki ba ta da wayon da take nunawa.

Bayan Sallar layya ta bara na fara jin bokitin ruwa yana fin ƙarfina. Na fara tsayawa a gaban masu tumatir ina taya abin da ba zan saya ba, a daidai wuraren da babanki yake tsayawa. Na je ƙaramin asibitin unguwa a ɓoye, aka ce jinina ya hau ƙwarai, aka ba ni magani, aka ce in je babban asibiti. Ban je ba. Kina jiran takardar aikinki, Mutari ga gareji ba ciniki ga yara, na ce ba yanzu ba. Wata rana da hantsi na tsinci kaina zaune a bakin gado da wuƙar albasa a hannu. Na raba ƙwayar, na sha ɓari, na jawo haɓar zanena na ƙulle ɗayan. Sai da na ja ƙullin na tsaya ina kallonsa. Irin ƙullin da nake kwancewa ne, sak, har inda bakin yake lanƙwasa. Ban taɓa koyon sa ba, hannuna ne ya iya. Na ji tsoro, amma washegari na sake.

Abin da ya tashe ni ya faru ne a wani gida a Kokomlemle. Aka kira mu wankan wata tsohuwa, ni da Ayishetu, abokiyar aikina, kin san ta, mai ƙaramar murya da take kawo mana dawadawa. Muna tsaka da wanka numfashina ya ɗauke, na zauna a kujera 'yar tsugunne daf da ƙafafun mamaciyar. Sabulu ya suɓuce wa Ayishetu ya gangaro ƙarƙashina. Ta sunkuya ɗauka, ta dafa idon sawuna don kar ta zame, ta saki. Muka duba tare. Yatsunta suna nan a ƙafata, ruwan kafur ya taru a cikin ramin. Kusa da ita ga ƙafar tsohuwar da nawa yatsun a jiki. Mu uku ne a ɗakin, biyu daga cikinmu ƙafarmu iri ɗaya ce. Ayishetu ta ɗago ta dube ni, na ga maganar ta zo mata bakin haƙori. Sai ta ɗauke idonta ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Mma Adiza."

Ni na koya mata wannan shirun. Ban taɓa jin yadda yake daga wannan ɓangaren ba. Ta ci gaba da zuba ruwa, ni kuwa ina zaune ina jin kamar an riga an gama da ni, ana jiran a kira ta kawai.

Washegari na kira Mutari na ce ya rufe gareji ya zo. Na jawo akwatin a gabansa na kwance ƙullin. Ya tambaye ni kuɗin mene ne, na faɗa masa duka, ya fita tsakar gida ya daɗe bai dawo ba. Ni na hana shi faɗa miki, kar ki ga laifinsa.

Ɗakin hoton zuciyar duhu ne ko da rana, ga sanyi. Wata likita, ba ta fi ki da yawa ba, ta ce in cire riga in kwanta a gefen hagu. Ta kama kafaɗata ta juya ni, ta ɗaga hannuna ta gyara shi a ƙarƙashin kaina, a hankali, daidai yadda nake yi wa mata. Bakina da kansa ya ce bismillah. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji ta ɗora na'ura, sai ɗakin ya cika da ƙara kamar ana kaɗa ruwa a baho. Ta ce zuciyata ce. Na leƙa allon na ga wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa, a gajiye. Ƙirjin mata nawa na ɗora wa hannu, duka shiru, ban taɓa tunanin haka abin yake a ciki ba. Likitar ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Na kama hannunta na ce, "Dokta, kar ka yi mini shiru. Na san wannan shirun. Abin da ka gani, faɗa." Ba ta jin Hausa, Mutari ya fassara mata daga bayan labule.

Ta faɗa kuwa, Allah ya yi mata albarka. Zuciyar ta buɗe ta yi rauni, hawan jinin da aka daɗe ba a kula ba ne ya jawo. Ba ta warkewa ta koma kamar da. Amma akwai magunguna, in na sha su cikakku kullum, na bar gishiri, na riƙa komawa ana dubawa, zan iya jimawa. Ba ta yi mini alkawari ba, ni ma ban nema ba. Yanzu kumburin ya fara sauka, ina kwanciya da matashi ɗaya. Na ajiye ɗaukar ruwan wanka, tsayawa kawai nake ina nuna wa masu yi. Bakina kuma ya buɗe, duk matar da na ga tana jan silifas sai na tsayar da ita. Wasu in sun hango ni sai su canja lungu, an ce na fara auna mutane. Su ce. Ɗaya daga cikinsu ta zage ni tas, sati na zagayowa na gan ta a layin asibiti.

Kuɗin tafiya sun ƙare, hoto da gwaje-gwaje da maganin farko sun cinye su. Akwatin ba komai a ciki sai zannuwa. Maganin kuma kowane wata ne, wasu katin yana ɗauka, masu tsadar ba ya ɗauka. Mutari yana iya ƙoƙarinsa, amma ba zai iya shi kaɗai ba.

Ga abin da ya sa na ce kar ki dawo. In kin dawo za ki zauna kusa da ni kina kallona, mu biyu ba mai albashi, in koma neman wuƙar albasa a bayan idonki. Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa komai ba, uwata ma ba ta roƙe ni ba, a gidanmu ana ganin abin kunya ne. Yau ina roƙonki. In an fara biyanki, ki cire kuɗin maganina kafin ki sayi takalmi. Ba na son a yanka bijimin sa, ba na son kanopi, ba na son a ɗinka yayi a kaina. Duk abin da za ki kashe mini ranar da na mutu, ki ba ni shi yanzu ina gani. In kin kira waya kin ce yaya jiki, zan ce lafiya lau, domin bakina ya saba. Kar ki yarda da amsar farko. Ki sake tambaya, ki tsananta, ki yi mini rashin kunya in ta kama, na yafe miki tun yanzu.

Ina son in rayu, Sahadatu. Ban taɓa faɗin haka da baki ba, ina ganin bai dace da mai aikina ba. Ina tsoron mutuwa kamar kowa, sabo bai rage mini komai ba.

Allah ya tsare mini ke daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya ba ki lafiyar jiki da ta zuciya, ya sa yaran da za ki koyar su ji maganarki. Allah ya jiƙan babanki da Memuna da Mma Lariba, ya yafe mini abin da na yi shiru a kansa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, kar ki yi ta kuka a ɗaki ke kaɗai, ki fita ki gaida maƙwabta. Ni kuma ki roƙa mini Allah ya sa in kin zo hutu, ni ce zan taso da ƙafata in buɗe miki ƙofa.

Uwarki,
Adiza
Maamobi